Bariki Ko Jami'a: Ƙofofin Da Ke Gaban Ɗan Sakandare

Tsakanin fitowar sakamakon JAMB da fitowar na WAEC da NECO, akwai gardamar da ke tashi a gidaje da yawa, daga Sakkwato har Yola. Yaro ya gama sakandare, shekararsa 17 ko 18, jini na tafasa, zaman gida ya ishe shi. Uba yana son ya ga ɗansa da digiri. Uwa kuwa da ta ji an ambaci soja sai gabanta ya faɗi. Shi yaron abin da ya gani da idonsa yake dubawa: ɗan unguwarsu da ya tafi Zariya bara ya dawo hutu cikin kaki, har ya sauke wa mahaifiyarsa buhun shinkafa, alhali wansa da ya gama jami'a tuni yana nan yana zagaya ofisoshi da takardu a ambulan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni dai soja nake so."

Yawancin gardamar nan a kan kuskure ake gina ta, domin ana ɗauka abu biyu ne a gaban yaron, ko soja ko karatu. Aikin soja a Najeriya ƙofa uku gare shi, kuma wadda mutum ya shiga ta cikinta ita ce ke yanke inda zai tsaya bayan shekara 20 ko 30. Uban da bai san bambancinsu ba, ko ya hana ko ya yarda, a makance ya yi.

Ta farko ita ce ƙofar kurtu, wadda aka fi sani. Ana cike fom ta intanet, a kira mutum tantancewa a jiharsa ta asali, wanda ya tsallake a kai shi Difo na Zariya, makarantar da ke horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924. Sharuɗɗan ba su da tsauri ta fuskar takarda: sakamakon sakandare mai ɗauke da Ingilishi, shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, ana ɗaga wa masu sana'a kamar direbobi da makanikai zuwa 26, tsawo mita 1.68 ga namiji, kuma ya kasance bai yi aure ba. Tsaurin a jiki yake. Wanda ya taɓa wucewa ta bakin bariki a makon tantancewa ya ga yadda abin yake: samari ɗaruruwa tun kafin a yi sallar asuba, farar singileti da gajeren wando da farin kambas, kowa da fayil ɗinsa a hammata, an zaunar da su layi-layi a ƙasa, rana ta fito ta same su ta kuma faɗi ta bar su. A sa su gudu, a auna tsawo, a duba ido da haƙori da tafin ƙafa, a ɗebi jini da fitsari. Wani gwiwoyinsa da ke haɗuwa ne za su fitar da shi, wani kuma ciwon hanta da bai taɓa sanin yana ɗauke da shi ba sai ranar. Wanda ya dace, bayan kimanin wata shida na horo zai fito farabiti, ya fara hawan tsani a hankali: laskofur, kofur, saje, har zuwa samanja idan rai da lafiya da hali sun kai shi.

Ta biyu ita ce NDA ta Kaduna, kuma a nan ne tambayar "soja ko jami'a" take rushewa, domin NDA duka biyun ce. An kafa ta a 1964, ta fara karatun digiri a 1985. Ɗalibi yana shekara biyar, huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ta biyar ta aikin soja zalla, ya fito da digiri a hannu da anini a kafaɗa. Ba ya biyan kuɗin makaranta. Ci da sha da sutura da magani duk na gwamnati ne, har da ɗan alawus. Daga cikin 'yan wannan kwas ne ake samun waɗanda ke riƙe manyan rundunoni da shugabancin sojoji. Sai dai ƙofa ce ƙunƙuntacciya. Dole yaro ya zaɓi NDA a JAMB, ya kawo kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, ya ci jarrabawar makarantar, ya tsallake kwamitin tantancewa, sannan a raba guraben tsakanin jihohi, kowace jiha ta samu 'yan ƙalilan. Shiga ma ba ita ce fita ba: wanda ya gaza a karatu ko a ɗa'a ana mayar da shi baya ko a sallame shi, ko da ya yi nisa.

Ta uku ita ce wadda yara ba su cika sani ba, ita kuma nake ganin ya fi kamata a sanar da su. Wanda ya yi digiri ko babbar difloma, ya gama bautar ƙasa, yana iya neman gajeren kwas na hafsoshi, wanda sojan ƙasa da na sama da na ruwa duk suna yi. Ta nan ake ɗaukar likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan jinya da malamai, har da limamai. Horon na watanni ne, mutum ya fito hafsa. Ma'ana, yaron da ya tafi jami'a yau bai yi ban kwana da kaki ba.

Tsakanin hafsa da ƙaramin soja akwai katanga, kuma kada a ɓoye wa yaro tsayinta. Wurin cin abincinsu daban, gidajensu a bariki daban, albashi da fansho daban. Saje mai furfura da ya yi shekaru masu yawa yana aiki, ya ga yaƙin Laberiya ko Saliyo ko Darfur, shi ne zai ƙame ya sara wa ƙaramin laftanar ɗan shekara 23 da ya fito daga Kaduna jiya. Akwai hanyar da ƙaramin soja ke bi ya zama hafsa, ko ta ƙarin karatu ko ta daɗewa da ƙwazo, amma 'yan kaɗan ne ke samu, kuma waɗanda suka samu bayan shekaru sun ja ba sa yin nisa a muƙami. Ba raina kurtu nake yi ba. Shi ne ke kwana a rami, shi ne ke tsaye a shingen hanya cikin hunturu da bazara, kuma ba don shi ba da garuruwa da yawa a Borno da Yobe ba su koma hannun masu su ba. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga yaro mai kiredit bakwai ko takwas, wanda da an nuna masa hanya zai iya gwada NDA, ya ruga Difo saboda fom ɗinta ne ya fara fitowa.

Wannan zaɓi ba sabo ba ne a Arewa. Asalin rundunar sojan Najeriya ma ana kai shi ga 'yar ƙaramar rundunar Hausawa da John Glover ya haɗa a Legas a 1863, kuma shekaru da dama Hausa ce harshen bariki. Amma kakanninmu ƙananan sojoji ne. Su ne mazan jiya da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Hafsoshi Turawa ne, daga baya da aka fara ba 'yan ƙasa sai 'yan Kudu suka fi yawa saboda sun riga mu boko. A lokacin, mai ilimi ya shiga soja abin mamaki ne: Odumegwu Ojukwu, da digirinsa na Oxford, ya shiga a 1957 a matsayin kurtu kafin a tura shi horon hafsoshi. Shugabannin Arewa na Jamhuriya ta Farko, Sardauna da ministan tsaro Muhammadu Ribaɗu da sauransu, sun hango abin da wannan giɓi zai haifar. Aka kawo tsarin kaso a 1961 wanda ya ba Arewa rabin guraben horon hafsoshi, aka riƙa bin makarantun sakandare ana kwaɗaita wa ɗalibai. Ta haka Muhammadu Buhari daga sakandaren Katsina da Ibrahim Babangida daga ta Bida suka shiga a farkon shekarun 1960. Abin lura, waɗancan dattawa ba cewa suka yi yara su bar karatu su ɗauki bindiga ba. Masu karatun suka nema, kuma ƙofar hafsoshi suka nuna musu.

To, ita jami'ar fa? Duk wanda zai ce wa yaro ya haƙura ya yi karatu, wajibi ne ya faɗi gaskiyar abin da yake tura shi a ciki. A 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wanda ya ci ma gurbi ba tabbas ba ne. Akwai mai neman likitanci da ake jefa wa kwas ɗin da bai taɓa jin sunansa ba. Idan ya shiga, shekara huɗu a takarda take. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista a daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin mota da na abinci. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu raɗaɗi, tunda babu ruwa a bashin kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya, amma bashi bashi ne. Bayan duk wannan, ga bautar ƙasa, ga jiran aiki wanda ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Yaron da ya lissafa ya ga abokinsa kurtu zai ci albashin shekara biyar ko shida kafin shi ya karɓi sisin kwabo, ba wauta ya yi ba. Lissafinsa daidai ne, sai dai bai kai shi ƙarshe ba.

Abin da ya rage a lissafin shi ne wannan. Ɗalibin jami'a da ya ga kwas bai karɓe shi ba yana iya canzawa, ko ya ajiye ya kama kasuwa, ba wanda zai zo ya kama shi. Soja ba ya ajiye aiki don ya gaji. Daga ranar da ya yi rantsuwa ya shiga ƙarƙashin dokar soja, inda barin aiki ba izini laifi ne da ake ɗauri a kansa, ƙin bin umarni laifi ne, yin ƙorafi a taro yana iya zama bore. A 2014, lokacin da Boko Haram ke ƙwace garuruwa, kotunan soja sun yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa bisa laifin bore, ciki har da waɗanda suka harbi motar kwamandansu a barikin Maimalari na Maiduguri da waɗanda suka ƙi fita yaƙi suna cewa ba su da isassun makamai. A Disambar 2015 aka sassauta wa 66 daga cikinsu zuwa ɗaurin shekara 10. Hafsoshi ma ba su tsira daga ɗaurin ƙa'ida ba: sharuɗɗan aikinsu sun tanadi shekara 15 kafin mutum ya iya ajiye aiki don kansa, abin da kotun ma'aikata ta ce a 2025 ya saɓa wa tsarin mulki. Inda za ka zauna, yaushe za ka ga iyayenka, yaushe za ka yi aure, duk akwai hannun wani a ciki.

Sannan ga maganar da ake kauce wa faɗa a gaban uwa. Najeriya ƙasa ce da ke cikin yaƙi tun 2009, kuma sabon soja a yau ya sa a ransa cewa zai ga daji, ko na Sambisa da bakin Tafkin Chadi, ko na Zamfara da Katsina da Neja. Harin Metele na Nuwambar 2018 ya ci rayukan sojoji masu yawa a yini guda. Anini ma ba sulke ba ne. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda sunansa ya zagaya ƙasar nan saboda jarumtarsa a Baga da kewaye, a Malam Fatori aka kashe shi a Nuwambar 2016. A Okuama ta jihar Delta, a Maris ɗin 2024, sojoji 17 aka kashe, cikinsu da laftanar kanar da manjo biyu da kyaftin. Gidan da ke da ɗa a fagen fama ya san wani irin zama da sauran gidaje ba su sani ba. Yaro zai kira da daddare ya ce, "Umma, gobe za mu shiga daji, idan kin kira ba ki same ni ba kada ki damu." Daga nan waya ba ta barin gefen dardumarta. Baƙuwar lamba ta kira, sai ta miƙa wa ƙaninsa ta ce ya ɗauka, ita ba za ta iya ba. Waɗanda suka dawo da ransu kuma, wani ya bar ƙafa a kan nakiya, wani jikinsa lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar tayar mota ta fashe sai ya zabura, fushi ya yi masa yawa, wani ya faɗa shan ƙwaya. Irin wannan ciwo da ba ya jini har yanzu ba mu iya jinyarsa ba, a bariki ko a gida.

Duk da haka ban yarda da masu cewa soja aikin wanda ya rasa abin yi ba ne. Ƙasar da 'ya'yanta nagari suka guje wa kakinta, wa zai tsare ta? Akwai yaran da Allah ya halitta da son wannan aiki, suna son tsari da horo, zaman aji yana ƙuntata musu, kuma bariki yana fitar da abin kirkin da ke cikinsu wanda jami'a ba za ta taɓa ganowa ba. Akwai wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu yana kallo, ya ƙudurta a ransa cewa shi zai tsaya. Irin wannan yaro hana shi zalunci ne. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne wanda ya faɗi JAMB sau ɗaya, zuciya ta ɗebe shi, ko wanda gorin gida ya ishe shi yana neman inda zai ɓuya. Rantsuwar da fushin wata uku ya sa aka yi, shekaru ake yi ana biyanta.

Akwai wata ƙasa da ta sassauta wannan zaɓi, kuma ya kamata mu dubi yadda ta yi. A Amurka, tun da aka daina tilasta shiga soja a 1973, matasa na fuskantar tambaya irin tamu, ga tsadar jami'a da ta sa bashin karatu a ƙasar ya haura dala tiriliyan 1.6. Bambancin shi ne can soja yana iya zama hanyar zuwa jami'a. Saurayi yana sa hannu a kwantiragi na 'yan shekaru, galibi huɗu, ya fita yana da shekara 22 ko 23. Dokar da ake kira GI Bill, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944, ta kai tsofaffin sojojin yaƙin duniya fiye da miliyan 2 manyan makarantu. Sabuwarta ta 2008 tana biya wa wanda ya yi aikin shekara uku cikakken kuɗin jami'ar gwamnati a jiharsa, da kuɗin haya da na littattafai, har tsawon wata 36 na karatu. Tsarin yana da masu sukarsa, waɗanda ke cewa 'ya'yan marasa ƙarfi ne ke sayen digiri da jininsu, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma aƙalla an yi alkawari a rubuce, ana kuma cikawa. A nan abin da muke da shi shi ne cibiyar Oshodi ta Legas da ke koya wa sojoji sana'a na 'yan watanni gab da ritaya, lokacin da ƙarfi ya riga ya tafi. Ba sau ɗaya ba tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Da majalisa za ta yi dokar da ta ce duk ƙaramin sojan da ya yi shekaru kaza a fagen fama yana da damar fita da mutunci a biya masa karatu, da rabin fargabar iyaye ta kau, rundunar ma da ta samu irin yaran da yanzu ke guje mata.

Kafin a kai can, ga yadda nake auna abin. Ƙofar kurtu da ta NDA suna da wa'adi, da mutum ya wuce farkon shekarunsa na ashirin sun rufe, jami'a kuwa ko da furfura ana shiga. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta mai cewa a fara da soja. Amma karatu a cikin kaki da izini ake yin sa, kuma sojan da ke Damasak ko Birnin Gwari ba shi da lokacin buɗe littafi. Shi kuwa wanda ya fara da digiri, ƙofar hafsoshi tana jiransa. Saboda haka yaron da takardunsa suka yi kyau kuma yake son soja da gaske, ya nemi NDA, ya sake nema idan shekaru sun ba shi dama, yana yi yana riƙe da gurbinsa na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha. A kuma gane cewa Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka kafa a 2018 da AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, suna ɗaukar farar hula, kuma karatu a cikinsu ba ya mayar da ɗalibi soja. Iyaye da yawa suna ruɗewa a nan. 'Yan mata ma hanyoyin nan a buɗe suke gare su, NDA ta fara ɗaukarsu a kwas ɗinta na shekara biyar tun 2011, ko da yake a gidajenmu har yanzu ba a cika kawo maganar ba.

Saura yaron da duk wannan bayani bai shafe shi ba, domin ba shi da zaɓin. Uba ya rasu ko ya tsufa, ƙanne shida na kallonsa, kuɗin fom ɗin JAMB ma sai da aka sayar da akuya. Shi ba a ce masa ya jira shekara shida. Idan ya nufi Difo, abin da ya kamata 'yan uwa su yi masa shi ne su tsare shi daga 'yan damfara, domin fom ɗin shiga soja kyauta ne, kuma duk wanda ya ce a kawo dubu ɗari kaza yana da oga a Abuja, gonar gado zai raba su da ita. Kada a rage masa shekaru a takarda, kada a saya masa shaidar jihar da ba tasa ba, domin ranar da aka gano korar wulaƙanci ce. Idan yana da sana'a a hannu, tuƙi ko walda ko gyaran lantarki ko aikin jinya, ya shiga da ita, saboda ita ce za ta bi shi har bayan ya tuɓe kaki. Ya adana takardunsa na sakandare wurin wanda ya amince da shi, kuma da zarar an dawo da shi bariki daga daji ya nemi izinin karatu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu barikoki saboda irinsa. Sannan a zaunar da shi a cike takardar magaji da hankali, a rubuta sunan wanda zai riƙe amanar uwarsa da ƙannensa, da lambar wayar da ba za ta mutu ba.